Yayana Ya Rasu da Sunana

A shekarun da nake magana ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu, iyalina suna Jega Magaji. Mutum ne ni mai ganin ya fi kowa wayo a tasha, kuma bakina bai san shiru ba. Da wani wakilin kamfanin inshora ya zo mana da tsarin takaful, wanda idan ciwo ya kwantar da kai za su riƙa ba ka abin cefane duk wata har ka miƙe, ni na fara miƙa hoto. A gurbin adireshi na sa gidanmu na gado da ke Kuberi, can ƙasar Maiyama. Yayana, manomin albasa da ke zaune a gidan, ya ƙi shiga. Kamarmu ɗaya da shi, har innarmu kan ruɗe idan ta hango mu daga nesa. Na yi ta masa tsiya cewa shi ɗan ƙauye ne, sai ya dube ni ya ce, "Duk wanda yar rubuta sunanai ga takardar ciwo, ciwo na zuwa biɗar shi." Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ciwon ya zo gidan da na rubuta, amma shi ya tarar. Yana tsakiyar ban ruwa a fadama ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Ga mace, ga 'ya'ya biyar, ga albasa na ƙonewa a gona. A bakin asibiti dabarar ta zo mini. Da aka tambayi sunan mara lafiya don buɗe kati, na ba da nawa. Wakilin da ya san fuskata ya riga ya bar aikin, hoton da ke katina kuwa ya dushe. Na gaya wa kaina taimakon ɗan'uwa ne, kuma ai haƙƙina nake ci. Matarsa ta yi kuka ta ce tana tsoro, na ce mata tsoro ba ya ɗora tukunya.

Matsalar ita ce duk bayan 'yan watanni jami'in kamfanin yakan zo ya ga mara lafiya da idonsa, kuma yakan tambaye shi sunansa. Don haka na zauna ina koya wa yayana sunana. Duk ranar da na sauka daga tafiya, bayan la'asar, sai in jingina shi da bangon zaure in yi ta maimaita masa, yana bina da ƙyar, miyau na zuba. Ya ɗauki makonni kafin ya iya. Ranar da jami'in ya zo, ya faɗi sunan tsaf, ni kuma ina gefe a matsayin yaya mai jinya. Na koma Jega ina jin babu kamata.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, bai ƙara koyon wata kalma ba. Idan yana son ruwa, sunana yake kira. Idan 'yarsa ta gaishe shi, da sunana yake amsawa. Aka daina samun kansa da nasa sunan, ko a kunne aka faɗa masa ba ya juyowa. Amma idan inna ta kira ni daga cikin gida, kafin in buɗe baki shi ya ɗaga kai. Wata rana da hantsi na shiga zauren, ya ƙura mini ido kamar baƙo, ya buga ƙirjinsa da hannunsa mai lafiya ya faɗi sunana, sannan ya nuna ni da yatsa yana jiran in faɗi nawa. Wallahi sai na juya na fita ban ko sha ruwa ba.

Ya yi shekara biyu a haka. Ranar da jikinsa ya tsananta muka mai da shi asibiti, limamin unguwarmu ya biyo mu. Ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, yayana yana motsa leɓe, yana ƙoƙari da dukkan ƙarfinsa, muna ganin jijiyar wuyansa. Abin da ya fito shi ne abin da na koya masa. Liman ya ce Allah yana duba zuciya, kuma ina fatan haka ne, amma ni na san wanda ya cika masa baki. Takardar shaidar rasuwa ta bi katin asibiti, ta fito da sunana. Na kai wa kamfanin da hannuna don a rufe maganar.

Bara hannuna na hagu ya fara mutuwa a kan sitiyari. Likita ya ce hawan jini ne mai tsanani, in bar tuƙi idan ina son ganin baɗi. Na zauna wata uku babu abin shiga, sannan na tafi ofishin kamfanin, ina tunanin ko akwai wata ƙofa. Ma'aikaciyar ofishin ta buga sunana a kwamfuta, ta ɗago da tausayi ta ce, "Allah ya jiƙansa, Baba. Ƙaninka ne?" Na ce amin, na ce ƙanena ne. Na karɓi gaisuwar mutuwata na fito.

Ban rubuto wannan don in kushe inshorar ba. Gaskiya suka riƙe mana, ni na ci amanarsu da ta sauran masu zubi. Da na bar tsiya na lallashi yayana ya shiga da sunansa, ko na ɗauki nauyinsa da gumina, da yau ina da inda zan jingina. Ina roƙon direbobi da manoma 'yan'uwana, kowa ya yi rajista da sunansa, kada tausayi ko wayo ya sa ka ara wa wani naka. Ni yanzu ina zaune a zauren nan na Kuberi, a jikin bangon da nake jingina shi, kuma idan inna ta kira sunana sai na ɗan jira kafin in amsa.