Ruwan Tafiyar Kolyo

Faɗanmu da Kolyo a kan tattasai ne. Ya kawo wani ɗan ɗaki mai taya, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota, ya girke shi jikin shingena, ya tare wa shukata rana har damina biyu.

Na ce, "Kai Kolyo, ka ɗauke mini akurkin nan, ko in zuba kaji a ciki."

Ya ce, "Karabana ake cewa, Donka."

"Ko uwar karabana ce. Abu da ƙafa huɗu ba ya zuwa ko'ina, ai akurki ne."

"Ƙafa biyu gare shi."

"To ka ga ma gurgu ne."

Kolyo dai mai tsaron hanyar jirgin ƙasa ne a bakin ƙauyenmu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauke sandar tare hanya yana ɗagawa, duniya na wuce shi ta taga. Da ya ajiye aiki ya sayi ɗakin nan don su zaga Bulgariya shi da matarsa Nevena. Ta ɗinka wa ɗakin labule, ta rasu ba ta ga an rataya ba. Ɗansu kuwa yana Jamus, sai murya a waya.

Ranar na zage shi tas, har da cewa ragonta ce ta hana shi tafiya. Ya tsaya yana murza hula, can ya ce, "To wa zai zuba mini ruwa?"

Mu nan mutum ba ya kama doguwar hanya sai wani nasa ya watsa ruwa a gabansa, ya ce tafiya ta gudana kamar ruwa. Ba a zuba wa kai. Layinmu kuwa duk gidaje a kulle suke, takardun sanarwar mutuwar masu su manne a ƙofofi, daga ni sai shi.

Washegari na fito da tukunyar tagulla na sheƙa ruwa a gabansa, har na jiƙa masa takalmi.

"Tafi, tattasaina ya sha iska."

Daga nan ya zama al'ada. Da bazara ta kama sai ya ɗaura ɗakin a bayan tsohuwar motarsa Lada, in zuba ruwa, ya ɓace. Ya je Tryavna ya ga hasumiyar agogo. Ya hau jajayen duwatsun Belogradchik. Akwai wani ƙaramin gari da ya kwana a bakin gidan tarihi yana jiran mai mabuɗi ta dawo daga biki, don kawai ya ga tsofaffin garemani. Na ce garma ai ga ta a bayan gidana, kyauta.

In ya dawo ya zauna a kan bencina da kwalbar barasar nan tamu da muke kira rakiya, ya shimfiɗa hotuna. Ganuwa, gada, coci, rijiya. Babu mutum ko ɗaya a ciki, shi kansa ba ya ciki, don babu mai riƙe masa na'urar ɗaukar hoton.

Na ce, "Wannan ka je ne, ko a kasuwa ka saya?"

Ya yi dariya, amma gajera. Ya ce wani lokacin yana tsaye gaban abu mai kyau sai ya juya zai ce "kin gani?", sai ya tarar da iska.

Bara ya zo da sassafe, ya yi aski, ya sa farar riga.

"Donka, gado biyu ne a ciki. Melnik za ni. Ki zo ki ga wani abu kafin ki mutu."

"Kai za ka riga ni, tsohon banza."

"Na sani. Shi ya sa."

Na dube shi, na dubi layin. Babu ko kare. A Melnik ɗin aka same shi bayan kwanaki, ya rasu zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, yana fuskantar tsaunukan yashi. Amma ran nan yana tsaye da ransa, yana jiran amsa, ni kuma tukunya na hannuna.

Na ce, "In na shiga, wa zai zuba mana ruwa? Matsa baya, kada in jiƙa maka farar riga."