Turmin Inna Ya Zauna a Birnin Kudu

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa kowa ya samu rabonsa. Nawa rabon shi ne takardar canjin wurin aiki da maigidana ya shigo da ita yana washe baki. An mayar da shi ofishin gona na Gwaram, an ba mu kwana huɗu mu tattara zaman shekara tara a Birnin Kudu. Shi dai gudummawarsa ba ta wuce naɗe rediyonsa cikin bargo ba, sai tsayuwa a bakin ƙofa yana cewa a yi sauri.

Matan unguwa suka cika gidan, wai sun zo taya ni haɗa kaya. Allah ya saka musu. Ranar na gane ashe rabin kayan girkina na aro ne. Wannan ta ɗaga rariya ta ce, "Laa, ashe nan take!" Waccan ta rungume tukunyar da nake dafa wake a ciki tun haihuwar fari, ta ce ta surukarta ce. Kafin la'asar sun rage mini kaya sosai, har mai mota ya kamata ya gode musu.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai turmina ne. Inna ce ta sa aka sassaƙa mini shi da za a kai ni ɗaki, ita ta zaɓi icen da kanta, kuma tun da ta rasu ba ni da wani abin da hannunta ya taɓa sai shi. Shekara uku yana gidan Hajiya mai fura, dattijuwar da muke katanga ɗaya. Nata ne ya tsage, ta aiko aron yini guda. Yinin bai ƙare ba har lokacin. In daka ya kama ni, ni ke ɗaukar hatsina in je gidanta, in gaishe ta, in jira ta gama.

A unguwarmu ba a aika wa babba cewa ya dawo da abin aro, sai dai a yi ta kewaye-kewaye. Sau uku ina shiga yi mata sallama. Na ce, "Hajiya, an ce a Gwaram turmi wuya yake yi." Ta ce, "Allah sarki, haka can yake." Har zama na yi a kansa ina shafa bakinsa. Ta ce in tashi, zama kan turmi ba kyau.

Ranar tafiya an gama loda akori-kura, sai ga Hajiya da ƙwarya rufe da faifai. Na ji sanyi a raina, na leƙa bayanta ko wani na mirgino shi. Ba kowa. Fura ce curi-curi, guzurin hanya.

Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, a turmin mahaifiyarki na daka miki. Wallahi ban taɓa ɗaga taɓarya ban yi mata addu'a ba. Ko kin tafi ba zan fasa ba."

Direba yana ta danna ham. To me zan ce? Ta daina yi wa Inna addu'a ta ba ni icena? Na ce, "Allah ya karɓa, Hajiya." Na hau mota.

Muna fita gari kuka ya ƙwace mini, haushi da kewa suka haɗu. Maigida yana ba ni haƙuri, wai ai Gwaram ba nisa. Na ɗaga faifan na gutsiri furar don kada in ba shi amsa. Ta yi laushi ƙwarai, sak dakan Inna.