Malam Is'haƙa, Wanda Ya Share Sawun Kekena

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab, daidai da 14 ga Janairu, tsakanin azahar da la'asar, 'yan bindiga suka kashe Malam Is'haƙa Ɗanmusa, tsohon malamin gona na ƙasar Isa, a bakin gulbi. Shekarunsa sittin da bakwai. Washegari da hantsi muka yi masa sutura a Isa.

Malam, ni ne Abbas, wanda ka ci gaba da kira Hedimasta ko bayan na bar makaranta da shekara shida. Kwana uku na zauna a kan tabarmar makokinka ina jin mutane suna cewa taurin kai ne ya kashe ka, wai me ya kai tsoho yawon keke a irin wannan zamani. Na ji su, na sunkuyar da kai, ban ce uffan ba. Alhali ina wurin aka yi, kuma na san ba haka ba ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Taurin kai dai kana da shi, ba za ni ɓoye ba. Lokacin da aka raba wa malaman gona babura, kai kaɗai ka mayar da naka, ka ce abin da ba ya barin mutum ya yi sallama ga mai noma a gefen hanya ba abin hawan malamin gona ba ne. Ka zauna da baƙin kekenka mai kariyar ɗora kaya biyu, gaba da baya, har ka yi ritaya. Daga nan ne ka ja mu, mu bakwai, muka shiga yawon da mutanen gari suka riƙa yi mana dariya a kansa. Kowace shekara in an gama ɗaurin dawa, sai mu ɗaure tabarma da buta a bayan keke, mu fita daga Isa da sassafe, mu bi ta Tozai, mu kwana Bafarawa, mu gangara fadama mu bi bakin ruwa har Sabon Birni. Kwana biyar, wani lokaci shida. Ba ka yarda mu hau kwalta ba ko sau ɗaya.

Ka san inda yashi yake da tauri da inda yake cinye taya. Ka san rijiyar da ruwanta ke da gishiri-gishiri da wadda za a sha a gode wa Allah. Jakarka ba ta rabuwa da faci da famfo, kuma ba don kekenka kaɗai ba. Na taɓa ƙirga kekuna tara da ka gyara wa mutane a tafiya ɗaya, mu kuwa muna tsaye cikin rana muna tsaki. Irin albasar da ake nomawa yau a ƙauyuka da dama na bakin gulbin nan, a cikin ƙullin leda ka kai shi, kana bai wa kowa cikin tafin hannu. Ni ne malalacin tafiyar, kullum a baya, kullum ina kukan gwiwa, kai kuma kana tsayawa a gindin itace ka jira ni kana cewa allo da alli sun lalata ni.

Sai babura suka shigo dajin, uku-uku a kan kowane, da bindigogi a rataye. Amiru, mafi ƙuruciya a cikinmu, shi aka fara kashewa. Sun tare shi yana dawowa daga kasuwa, suka harbe shi a ciki, suka bar shi a kan hanya da kekensa a kansa, tayar baya tana juyawa. Kai ka ɗauko gawarsa. Sauran suka jingine kekunansu, wasu suka yi ƙaura zuwa Sakkwato. Hanyoyin da muke bi muna sallama suka koma wuraren da ake tsintar mutane. Wata rana ni da kai mun wuce ƙauyen da muka saba shan fura, muka tarar da rumbuna suna hayaƙi, awaki a ƙone cikin turke, da wani dattijo da aka yanka a bakin masallaci, carbinsa a hannu. Ka sauka ka rufe shi da rawaninka.

A farkon watan nan aka kai hari wani ƙauye da ba za ni ambaci sunansa ba. An kashe maza goma sha ɗaya. Waɗanda suka tsira, mutum arba'in da ɗaya, galibinsu mata da yara da tsofaffi, suka gudu suka shige wani kwari mai duhun itatuwa a gefen gulbi. Maharan sun rantse sai sun gano su, domin sun ce mutanen ƙauyen ne suka nuna wa jami'an tsaro maɓoyarsu. Fita ba ta yiwuwa, don an tsare hanyoyi. Kai ka san kwarin, don mun sha yin azahar a cikinsa, kuma keke ba ya ƙara. Sai ka fara kai musu gari da gishiri da maganin zazzaɓi. A zuwa na uku ka ce in raka ka, kayan sun fi ƙarfin keke ɗaya.

Doka ɗaya ka kafa mini. Akwai wata tsamiya kafin inda gulbin ya rabu uku. Daga nan ba a hawa. Mutum ya ɗora keke a kafaɗa ya shiga ruwa, wanda a rani bai wuce ƙauri ba, ya bi cikinsa har kwarin. Ruwa ba ya riƙe sawu, amma danyen yashin gaɓa yana riƙe zanen taya kwana da kwanaki, kuma duk ƙasar nan an san su wa suka rage masu hawa keke.

Ranar Talatar ka shiga gaba, ka sha kwana, na daina ganinka. Gwiwata ta riƙe, buhun gari ya danne mini wuya. Na dubi yashin gaɓa, sumul, mai tauri. Na ce a raina ɗan wannan wurin kaɗai. Ko nisa ban yi da tsamiya ba, na fito daga ruwa na hau. Ban sauka ba sai a bakin kwarin, har ina jin daɗin na kusa cim maka.

Ka juyo ka gan ni a kan sirdi. Ka dubi ƙasa, ka dubi bayana.

"Hedimasta, daga ina ka hau shi?"

"Tun daga tsamiya, Malam."

"Allah shi kyauta," ka ce. "Sauke masu kayan. Za ni komawa."

Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Ka karya reshen geza mai ganye, ka fara share sawun tun daga bakin kwarin, kana tafiya da baya, a duƙe. Na ce ka ba ni reshen, ka ce mai ciwon gwiwa ba ya gudu in ta ɓaci. Kunya ta hana ni zama, sai na haye ɗaya gaɓar na bi ka ta cikin kurmi. Fiye da sa'a guda kana duƙe. Ka wuce mararrabar ruwan, saura 'yan taku ka kai tsamiya, muka ji ƙarar babura.

Kana iya jefar da reshen ka faɗa ruwa. Na ga ka ɗaga kai ka saurara, sannan ka ƙara sauri da sharar. Babura shida suka zagaye ka. Wani mai jan rawani ya sauko, ya dubi guntun sawun da ya rage, ya dubi reshen.

"Tsoho, mi kaka sharewa? Ina mai keken ga?"

"Ni ad da keke," ka ce.

"Ina ka kai shi? Wane reshen ruwa?"

"Ba ni faɗi."

Ya juya gindin bindiga ya buga maka a baki. Na ga haƙoranka a kan yashi. Suka tambaya, ka yi shiru. Suka ɗora hannunka na dama a kan saiwar tsamiya suka taka shi har na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Suka danna kanka cikin ruwa, suka ɗago, suka sake dannawa, sau huɗu. Duk lokacin da suka ɗago ka, kalmar shahada kake yi. Ni kuwa ina kwance cikin ƙaya, tsakanina da kai bai fi jifa ba, na cusa hular kaina a baki don kada in yi ƙara. Ka san ina nan. Ko sau ɗaya ba ka kalli wajen da nake ba.

Da suka gaji, mai jan rawanin ya harbe ka sau biyu a ƙirji. Suka yi ta gardama, suka zaɓi reshen ruwa na gabas, laka ta riƙe baburansu, suka fito suna zage-zage suka tafi. Na haye na rufe maka ido. Bayan kwana huɗu hanya ta ɗan lafa, aka fito da mutanen kwarin zuwa Isa. Na tsaya na ƙirga su da kaina. Arba'in da ɗaya, babu wanda ya rage.

Ranar sadakar bakwai na je gidanka na nemi ganin matarka Bara'atu. 'Yarku Mardiyya ta tsaya a bakin ƙofa, Bara'atu kuma tana bayan labule. Na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan. 

"Na ji, Hedimasta," ta ce. "Da ka yi shiru, da har in mutu ban sani ba. Wannan na gode. Amma kada ka roƙe ni gafara yau, ba ni iyawa. Bari in fita takaba, sannan ka dawo."

Allah Ya jiƙanka, Malam Is'haƙa. Allah Ya karɓi shahadarka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Allah Ya jiƙan Amiru da duk waɗanda aka zubar da jininsu a ƙasar Isa da Sabon Birni, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bara'atu, da Mardiyya da ƙannenta, da dukkan zuriyar Ɗanmusa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Ni kuma ina roƙon wanda duk ya karanta wannan ya sa ni cikin addu'a. Wata huɗu da kwana goma ne takabar Bara'atu, kuma ranar da ta cika za ni koma in tsaya a bakin ƙofar nan, in ji abin da za ta ce.