Kujerar Dama

Duk ƙarshen wata mukan haɗu a wani ɗan gidan shayi da ke bayan shingen filin jirgin sama, mu tsofaffin ma'aikatan kamfanin da ya riga mu mutuwa. Teburinmu na jikin taga, inda kofuna ke rawa duk sa'ad da jirgi ya tashi. Wannan karon babu kowa a kujerar Kyaftin, Allah ya jiƙansa, kuma ba wanda ya iya ɗora ko jaka a kanta.

Injiniya ya ba da labarin ranar da Kyaftin ya sauke jirgi da inji ɗaya ana sheƙa ruwa. Mun ji shi har mun haddace, kuma kowace shekara ruwan ƙaruwa yake yi. Anti, wadda ta shugabanci masu kula da fasinja, ta ce ita abin da ba ta mantawa shi ne bai taɓa kai loma baki ba sai ya tambaya ko ma'aikatan baya sun ci. Sai suka juyo kaina. Ni ne Na-Dama, sunan da Kyaftin ya laƙa mini saboda shekarun da na yi ina mataimakinsa a kujerar dama. Na ce ni nawa labarin a cikin mota ya faru.

Kyaftin ɗan mai gyaran agogo ne. A shagon ubansa ya taso, shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita, kuma can ya koyi cewa ba a rufe bayan agogo sai an kara shi a kunne. Da lodin kaya ya fara a filin jirgi, yana aiki yana karatu, har kamfani ya tura shi koyon tuƙi. Gajere ne, muryarsa ƙasa-ƙasa. A waje ya fi kowa tsokana, amma da an rufe ƙofar ɗakin tuƙi sai ka rantse bai taɓa dariya ba.

Ranar da na fara zama kusa da shi, ko bel ban gama ɗaurawa ba ya ce, "Yaro, a nan ba a sakin jirgi, miƙa shi ake yi. Mai karɓa ya ce na karɓa, mai bayarwa ya ɗaga hannu ya ce na sakar maka. In ba ka ji wani ya karɓa ba, ko hannunka zai ƙage kada ka saki." Ya ƙara da cewa, "In ka ga haɗari ka faɗa mini sau biyu ban amsa ba, ka karɓa. Kada ka dubi furfurata." Na ce to. Har muka yi ritaya Allah bai kawo ranar ba, don mutumin nan kafin ka buɗe baki ya riga ya gani.

Da ya ajiye aiki sai ya mai da tsohuwar motarsa jirgi. Ba ya shigarta sai ya zagaye ta, ya taɓa kowace taya, ya leƙa ƙarƙashinta ko wani abu na ɗiga. Maƙwabta har fitowa suke yi kallo. Aikinsa ɗaya a duniya, ɗauko jikarsa daga makaranta, kuma ya riƙe shi kamar mutum ɗari ne a bayansa.

Wata safiya matarsa, wadda dukkanmu muke ce wa Mama, ta kira ni ta ce in zo yayin da yake barcin hantsi. Ba ta ko ba ni wurin zama ba, ta ja ni gareji ta nuna mini gefen dama na motar. Tun daga fitila har ƙofar baya duk ƙuje ne, wani kan wani, madubin kuma an ɗaure shi da waya. Gefen hagu kuwa fes.

"Likita ya ce hawan jinin ido ne," in ji ta. "Gabansa kawai yake gani, kamar mai leƙe ta bututu. Na ce ya bari, 'ya'yansa sun ce ya bari, sai ya dube mu ya yi shiru. Babban ya ɓoye makulli, ashe yana da wani. Kullum ya fita ɗauko yarinyar nan ina bakin ƙofa har sai ya dawo. Ƙanina, kai kaɗai yake jin maganarka."

Na so in ce mata ta juya zancen, ni ne mai jin tasa. Amma sai kawai na ce zan raka shi yau ɗin.

Da lokaci ya yi ya fito tsaf, riga a goge, takalmi na ƙyalli. "A'a, Na-Dama! Matarka ta kore ka ne?" Na ce iska na fito sha. Ya fara zagayensa, ni kuwa ina kallo. Da ya zo gefen dama sai na ga ya bi ƙujen nan da tafin hannu, a hankali, tun daga farko har ƙarshe. Nan gabana ya faɗi, don na gane ya san da su.

Muka fita. A gaskiya tuƙinsa ba laifi, hannu biyu a sitiyari, sigina tun daga nesa. Amma kansa bai tsaya wuri ɗaya ba, juya shi yake ta yi dama da hagu kamar fanka, yana neman abin da idon ya daina kawo masa. A shataletale wani mai babur ya shigo ta wajena, har na ji iskarsa. Mai babur ya zazzaga mana ashar ya wuce. Kyaftin ya ce, "Wa yake zagi?" Na ce wani ne can.

Duk hanyar ina shirya magana a zuci. In ce Kyaftin ka tsufa? Wane ni. In ce ni ma ina sha'awar tuƙi? Zai ce in je in tuƙa tawa. Mutumin da ya koya mini komai, wanda ya tsaya mini ranar aurena, ta ina zan fara gaya masa cewa ya gama? Ga shi muna ta matsowa makarantar, inda yara ke ɓullowa ta kowane lungu.

Mun shiga layin makarantar ke nan, motoci a jere a gefen dama, sai na hangi wata mata ta fito daga tsakaninsu riƙe da hannun 'yar yarinya. Kayan makarantar yarinyar irin na jikarsa ne sak. Matar ta ga mota na tafiya a hankali, ta ɗauka an ba ta hanya, ta sa ƙafa a titi.

"Kyaftin, mutum a dama."

Idonsa na can gaba, kan ƙofar makaranta.

"Kyaftin, mutum a dama!"

Wani na danna hon a bayanmu, ban sani ba ko bai ji ba ne. Ƙafarsa dai ba ta motsa ba. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. "Na karɓa!" Na fizgi birkin hannu da dukkan ƙarfina, na tura sitiyari hagu. Motar ta yi ƙara, ta ja gefe, ta mutu. Jakar yarinyar ta gogi fitilar gaba. Matar ta janye 'yarta ta rungume, ta dube mu, ko zagin ma ta kasa.

Hannuna ɗaya na kan sitiyari, nasa biyu ma suna kai. Na ce shi ke nan, yau zumuncin shekaru ya ƙare, zai ce in fita masa daga mota. Ya bi matar da yarinyar da kallo har suka haye. Sannan ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hannuwan sama daidai kafaɗa, yadda muke yi a ɗakin tuƙi.

"Na sakar maka," in ji shi.

Ya ciro hankici ya goge fuska, ya ce, "Ka daɗe ba ka zo ba, Na-Dama. Kowa sai ya ce mini in bari, in bari. In bar wa wa? Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana jira? Ba wanda ya ce ya karɓa."

Ya fita, ya zagayo yana dafa motar, ni ma na zagaya. Ya zauna a kujerar dama, ya ɗaura bel, ya ce, "Ashe haka nan wajen yake. Ba laifi." Da jikar ta shigo ta tambayi dalilin da Kaka ba ya tuƙi, ya ce mata an yi masa ƙarin girma. Tun daga ranar ni nake zuwa in ɗauke shi mu je makarantar, yana gefe yana yi mini gyara, har ciwon ƙarshe ya kwantar da shi. Bai sake taɓa makulli ba.

Nan na ƙare labarina a teburin. Anti ta share ido da bakin gyale. Na miƙa hannu zan ɗauki shayina, sai na bugi kofin ta gefe ya tuntsure, ban ko gan shi ba. Na ce teburin nan ya cika rawa. Ba jirgin da ya tashi a lokacin, kuma ba wanda ya tanka mini.

Da muka watse na nufi motata, sai na ji takun Injiniya a bayana. Ya ce tasa na wurin gyara, in rage masa hanya. Watan jiya ma haka ya ce. Ya buɗe ƙofar dama ya zauna, ya ɗaura bel, ya ajiye hannunsa kusa da birkin hannu kamar ba da gangan ba. Na tayar da motar, ina kasa kunne ko zan ji ya ce, "Na karɓa."