Gidan su Mama a Kan Dutse

A shekarun da na yi aiki da masu bincike kan muhalli a Kafanchan, ban taɓa shiga jirgin da ke yi mana awo ba. Wasu ne ke tashi da shi. Ƙaramin jirgi ne, ɗauke da na'urar da ke harba haske ƙasa tana auna tudun duk abin da hasken ya taɓa: ganye, rufin kwano, dutse, har bayan saniya. Ni abin da ke isowa teburina shi ne ɗigo-ɗigo ba iyaka a cikin kwamfuta. Aikina in ware waɗanda suka faɗa kan itatuwa in kawar da su, a bar na ƙasa zalla, don a ga ta inda ruwan sama ke bi yana cin gonakin mutane. Aiki ne na zama da haƙuri. In aka ɗauke wuta a tsakiya, wani lokaci sai an koma farko.

Wata rana, lokacin haƙar citta, aka ba ni yankin duwatsun da ke bayan ƙauyenmu. Da na gama kawar da kurmin da ya rufe saman dutsen, sai ga wasu ƙananan da'irori a cunkushe, ga kuma layuka kamar matakala sun bi gangaren. Na ɗauka kuskure na yi. Na kira ogana, wani dattijo mai sanyin magana, ya sa tabarau ya duba.

"Ba kuskure ba ne," in ji shi. "Tushen ɗakuna ne. Layukan kuma gonaki ne da aka tare da duwatsu. Ki yi musu alama, kada a sa su cikin lissafin zaizayar ƙasa."

A kan dutsen nan aka haifi mahaifiyata. Tana yarinya iyayenta suka sauko kusa da hanya da makarantar mishan, kamar yadda kowa ya yi a lokacin. Ta sha ba mu labarin wurin, amma tun da gwiwoyinta suka fara ciwo ba ta ƙara hawa ba. Na nemi izinin ogana, ran Asabar na sa kwamfutar laftof a jaka, na shiga mota, na ƙarasa da acaba.

Na same ta a tsakar gida tana tsaga citta. Na buɗe mata hoton cike da ɗoki, na ce, "Mama, ga garinku." Ta goge hannu a zane, ta matso da fuska, ta daɗe tana kallo.

"Wannan kamar ƙanzo a gindin tukunya," ta ce da yarenmu.

Na nuna mata ɗakunan da yatsa. Ta girgiza kai. "'Yata, ni ban taɓa ganin gidanmu ta sama ba. Da ƙafa nake shiga." Da ta lura jikina ya yi sanyi, sai ta dafa ni ta ce, "Amma ya yi kyau. Kin yi ƙoƙari." Ta tashi ta ɗumama mini tuwon acca.

A hanyar komowa na yi ta juya maganarta. Ashe abin ba wuya: tunda na'urar ta auna tudu da kwari, ana iya karkata hoton a kalle shi daga ƙasa, daidai tsayin mutum. Na yi ta gyara shi a lokutan hutun rana har ya zama kamar kana tsaye a gindin dutsen, hanya tana gabanka.

Da na koma, bayan an tashi daga sujada a coci ne, Mama tana sanye da zanen zumuntar mata. Na ajiye laftof a kan turmi. Ta matso ta duba hoton. Can sai ta ce, "Hau. A hankali." Na riƙa matsar da hoton gaba. Ta tsayar da ni a wani faffaɗan dutse, ta ce a nan suke sauke tulu su huta in sun ɗebo ruwa. Ta sa na karkata hagu, ta sa na dawo, ta yi dariya ta ce ta ɓata. Daga baya ta ɗora yatsa a kan wasu da'irori da ke gefe.

"Ina jin nan ne. Amma ina itacen ɗorawar da ke ƙofa?"

Na ce ni na kawar da itatuwan. Na mayar mata da su, sai kurmi ya rufe komai, ba a ma gane wane itace ne wane. Ta ce in sake cirewa.

Sannan ta tambaye ni ko na'urar tana nuna kabari. Ta ce tana da ƙane da ƙyanda ta kashe kafin su sauko, ita ce mai goyonsa, an binne shi a bayan ɗakin uwarsu. Ban taɓa jin labarin yaron ba. Na duba wurin da kyau, na ƙara girman hoton har ya dushe. Na so in nuna mata wani ɗan tudu in ce ga shi, amma ban ga komai ba, kuma haka na gaya mata.

"To," ta ce. "Ƙarami ne sosai, ba zai fito ba." Sannan ta koma Hausa, yadda take yi in maganar coci ce. "Lokacin ba mu karɓi bishara ba tukuna. Ba wanda ya yi masa addu'a."

Rahotonmu ya fita daga baya. A ciki har an ambaci tsofaffin gonakin, cewa inda jerin duwatsun nan suke, ƙasa ba ta gudu kamar sauran gangaren ba. Na karanta wa Mama wurin. Ta gyaɗa kai kawai, ba wannan ne ya dame ta ba.

Bayan Ista ni da yayana muka hau dutsen, muna bin alamar da na sa a waya, shi yana gaba da adda. Mun sami tushen ɗakunan a cikin ciyawa, da wani rami mai santsi a jikin dutse inda ake niƙa. Ɗorawar babu ita, sai kututture. Kabari kuwa ba mu ga alamarsa ba. Muka tsaya a bayan ɗakin da muke zaton shi ne, na kira Mama, na sa wayar a fili yadda dukanmu za mu ji. Ta yi addu'a da yarenmu, ta kira sunan yaron. Muka ce amin.

Sai ta tambaya ko hadari ya haɗu ta gabas. Yayana ya ce ya fara.

"To ku sauko yanzu," ta ce. "Kada ku bi ta wajen rafi, dutsen wurin yana da santsi in ya jiƙe."