Baturan Sale Mai Hoto

Duk wanda ya san Sale Mai Hoto a Magama ya san da ya shiga gida, ko ruwa ba ya sha sai ya zare batir daga kyamara ya goge bakinsa da gefen riga. Mijin yayata Hure ne, shi ya sa kullum muna cikin tsokanar juna. Gwauro yake kirana, har bayan na aje 'ya'ya.

Hoton fasfo yake ɗauka a rumfarsa dab da shingen kwastan. Da aka rufe boda, kasuwa ta mutu murus. Ya naɗe kyamara ya adana. Amma baturanta guda biyu, wayyo! Kowanne da safarsa, don kada bakinsa ya taɓa ƙarfe. Ya sa su cikin busasshiyar tukunyar ƙasa, ya tura ƙarƙashin gadon Yaya Hure, wai ɗakinta ya fi sanyi, zafi kuwa shi ke kashe su. Yaya Hure ta ce ita tunda aka kawo ta gidan bai taɓa tambayar ko tana jin zafi ba.

Dalilinsa ɗaya ne. Uwani, 'yarsa tilo, tana aure a Maraɗi, ta haifi 'ya mace bayan an rufe hanya. Ya rantse da kyamararsa zai fara ganin jikarsa. Irin baturan nan kuma an daina kawo su, in suka mutu kyamara ta mutu.

Na ce, "Masu babur kullum suna bi ta daji, ta zo mana."

"Jikata ta ɓarauniyar hanya? Buhun shinkafa ce?"

Da Uwani ta turo hoton jaririya a wayata, na kai masa da gudu. Bawan Allah ya ja hula ya rufe ido. "Kawar da abin nan! Ku ga naku, ni ina jiran nawa."

Duk tsayuwar wata yakan kai baturan shagon caji, ya tsaya a kansu, yana sa su a kyamara yana duba layin caji. Da sun kai rabi sai ya fizge. Mai shago ya ce, "Baba, bari su cika mana."

"Kai in ka cika ciki ka kwanta wata guda, lafiya za ka tashi? Rabi! Ba yunwa, ba ƙoshi."

Ran nan zazzaɓi ya kayar da shi, ya aike ni shagon da su. Ni da son a yabe ni, na cika su taf. Ya duba, ya yi salati.

"Gwauro, mi na yi maka?"

Da zazzaɓin da komai ya tashi, ya zaunar da ni kan turmi, ya dinga haska ni da fitilar kyamara tun azahar har la'asar, sai da caji ya sauko rabi. Idona har ruwa yake. Wallahi babu wanda aka ɗauka hoto a Magama kamar ni, kuma duk ya goge. Ya ce ba zai ɓata wuri ba.

Lokacin da aka buɗe boda, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ko zama sai an tallafe shi. Uwani ta iso, yarinya har tana tafiya. Ya ce kada a shigo da ita tukuna. Ya sa aka cika batir, ranar bai yi gardama ba. Ya saka, ya danna, kyamara ta kama. Na ga ƙwalla a idonsa, ni ma na kasa riƙe tawa.

Ya ɗora ido a gilashi. "To, ku shigo da ita."

Yaya Hure na riƙe da gwiwar hannunsa, amma hannun sai rawa yake. Da muka duba hoton, ba abin da ya fito sai rabin ƙofa da kunnen yarinya. Na ce a sake.

Ya daɗe yana kallo. "Bar shi, Gwauro. Kunnen uwarta ne sak. Miƙo min ita."

Ba a yi sati ba ya rasu. Ina kewar tsokanarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Sale, Ya sanyaya makwancinsa, Ya raya masa jikar da ya jira.