Baba Mai Kumfa Zai Ajiye Kwalbarsa

Kullum da safe, kafin a tayar da manyan injuna a masana'antar robar da Innata ke aiki, Baba Mai Kumfa ya riga ya iso. Injin iska kaɗai yake kunnawa. Sai ya ɗauki kwalbar ruwan sabulu, tsumma a kafaɗa, ya bi bututu gaɓa-gaɓa yana shafawa. Inda kumfa ta taso, nan iska ke zurarewa. Ya ɗaure, ya yi gaba.

Shi ne makaniken gidan, shekara ashirin da bakwai ke nan. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, amma wannan kam ba zan iya yin shiru ba.

Shekara huɗu da suka wuce, mai masana'antar ya ce janareta na shan mai fiye da kima, zai rufe layin bokitai. Mata goma sha biyu ne ke gyare bakin bokiti a layin, har da Innata. Ranar ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba, ta zauna bakin gado tana kallon bango.

Baba ya roƙi wata biyu.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ba matan nan ke shan man ba. Iska ce da zafi ke fita ba sallama."

Ya samo bargon da wuta ba ta ci, ya naɗe inda roba ke narkewa a kowane inji, ya ɗinke da waya. Mata suka sa shi gaba.

"Baba, an yi riga, saura hula."

"Hular sai ranar aurensa," ya ce, bai ko ɗago ba.

Rigimar na wajen hutun rana. An saba barin injuna na ruri ba aiki, don shugaban layi ya rantse in aka kashe, robar za ta daskare a ciki. Innata ta ba ni labari cewa Baba ya kashe guda a gaban kowa, ya zauna a gefensa ya buɗe kwanon abincinsa. Da aka dawo ya kunna, rigar ta riƙe zafin, bokiti ya faɗo sumul. Ya miƙa wa shugaban.

"Ga shi, ɗana. Kai gida a yi wanka."

Wata biyu suka cika, babu wanda ya sake ta da zancen rufewa. Babu kuma wanda ya tara mutane ya ce an gode.

To Baba, ni na ce. Kai ne mai jin kukan bututu tun bai yi ƙarfi ba. Kai ne ka sa Innata ta ci gaba da fita da safe, ni kuma ban bar makaranta ba, alhali ko sunana ba ka sani ba. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma da ke tsaye gaban inji, in ba ya aiki ku kashe shi, in kun ji tsaki a bututu ku tsaya ku duba. Baba ya ce ba zai tafi da kwalbar ba, tana nan a kan kantar da ke kusa da ƙofa. Don Allah wani ya ɗauka.